Kafin Ka Miƙa Wuyanka A Murɗa

Duk mai yawo a TikTok ko Facebook ya ci karo da bidiyon nan: mutum kwance ruf da ciki, wani mai farar riga ya danna masa gadon baya, sai ka ji ƙas-ƙas-ƙas, ya miƙe yana dariya. Ƙannena, ni tela ne, ciwon baya ya kama ni tun ban kai talatin ba, kuma irin wannan bidiyon ya ci min kuɗi ba kaɗan ba.

Sana'ar nan ta danna ƙashin baya, wato kairofarakta, a Amurka aka haife ta, a garin Davenport na jihar Iowa, cikin 1895. Wani mai suna Daniel David Palmer ya ce ya danna ƙashin bayan Harvey Lillard, mai kula da ginin da ofishinsa yake, wanda ya daɗe kunnensa ba ya ji sosai, sai jin ya dawo. Daga nan Palmer ya ɗauka cewa yawancin cututtuka gocewar ƙashin baya ce ke haddasa su. Bincike bai gaskata wannan ba, don haka duk wanda ya ce zai danna maka baya ya raba ka da asma ko hawan jini, ka riƙe kuɗinka. A kan ciwon bayan kansa kuwa, akwai ɗan abin kamawa. A 2019 mujallar likitoci ta BMJ ta tattara gwaje-gwaje 47, ta ga cewa dannawar tana rage daɗaɗɗen ciwon baya daidai da sauran hanyoyin da likitoci ke ba da shawara, irin su motsa jiki. Daidai da su, ba fiye ba. Ƙarar da ke burge mutane kuma iska ce ke yin kumfa a cikin ruwan gaɓa, irin wadda kake ji in ka ja yatsunka. Babu ƙashin da ya goce balle ya koma.

Ni ban san haka ba. Na samu wani mai dannawa, yana da gado da hotunan ƙashin baya a bango, na riƙa zuwa ina biya. In na fito sai in ji wasai, bayan kwana kaɗan ciwo ya dawo inda yake, domin na koma kan kujerar nan tawa ta katako marar majingina, a duƙe kan keke daga hantsi har bayan isha'i, musamman in Sallah ta matso. Bai taɓa tambayata yadda nake zama ba, ni ma ban taɓa tunanin faɗa ba. Wata rana ya kama haɓata ya fizgi wuyana, na fito jiri na ɗibata. Daga baya na ji cewa a 2014 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ce a riƙa sanar da mutane cewa an samu alaƙa tsakanin murɗa wuya da tsagewar jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa, abin da kan jawo shanyewar ɓarin jiki. Ba kasafai yake faruwa ba, amma ni dai wuyana na daina bayarwa. Masu aski da ke murɗa wuyan mutum a matsayin gyara bayan aski, ku ce musu na gode.

Sai kwanciya, wadda ta fi komai cutar da ni. Da ciwo ya motsa sai in rufe shago in miƙe a tabarma, ina jin ai hutu jiki ke so. Ashe tsokar baya in ba ta aiki ƙara sanƙarewa take. Ga kuma kemis: diclofenac safe da yamma, sau da yawa ba komai a cikina, har gyambon ciki ya same ni. Wani a majalisa ya ce in gwada tramadol, Allah ya tsare ban bi ta kansa ba. Na kuma sayi bel ɗin baya a kasuwa na ɗaure kamar ɗan dambe. A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan daɗaɗɗen ciwon baya: ta amince da motsa jiki, tausa, dannawa da ilimantar da mai ciwo, ta kuma ce a bar bel da magunguna dangin tramadol. Wato abin da na fi kashe wa kuɗi a kasuwa yana cikin waɗanda aka hana.

Hoto ma ya tsorata ni. Na yi MRI, takarda ta ce faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya ya ɗan bulluƙo, na ɗauka na gama yawo. Wata likitar gashin ƙashi ce ta kwantar min da hankali, ta ce wani bincike na 2015 ya gano irin wannan a kusan kashi 30 cikin ɗari na 'yan shekara ashirin da ba sa jin ciwon komai. Ita ce ta koya min motsa jiki na 'yan mintuna, ta sa na sauya kujera, ta ce in riƙa tashi daga keke ina ɗan zagayawa, in kuma taka zuwa masallaci maimakon hawa babur. Sauƙin ya zo a hankali, amma ya zauna.

In za ka je wurin mai dannawa, ka tambayi inda ya yi karatu, ka haɗa da motsa jiki, kuma in makonni sun wuce ba canji ka daina. Akwai ciwon da ba a kai shi can ko kaɗan. In ƙafa ta fara mutuwa, ko fitsari da bahaya suna kufce maka, ko tsakanin cinyoyi ya dushe ba ka jin taɓawa, asibiti za ka nufa a ranar. Haka in ciwon ya biyo bayan faɗuwa ko haɗarin mota, ko ya zo da zazzaɓi, gumin dare da rama. A wajenmu tarin fuka yana cin ƙashin baya, yana iya sa mutum ƙusumbi ko ya gurgunta shi, kuma danna irin wannan ƙashin ko sa yaro ya tattaka shi na iya ƙarasa ɓarnar. Wannan aikin asibitin ƙashi ne, irin na Dala a Kano.