Ministar da ta raba Japanawa da laktaye

Lokacin da nake digiri na biyu a Tokyo, malamin da ke duba aikina ya ce in ɗauki wata manufa ta gwamnati da ta yi nasara in bi diddiginta. Ni ina hangen manyan batutuwa irin su jirgin ƙasa mai gudun walƙiya ko tsarin fansho, shi kuwa sai ya miƙo mini batun laktaye. Wai in binciko yadda Koike Yuriko ta sa ma'aikatan Japan suka daina ɗaure wuya a lokacin zafi. Na fito daga ofishinsa raina a ɓace, ina ganin an raina mini hankali.

Abin da ya fara sassauto da ni tarihin matar ne. An haife ta a 1952 a garin Ashiya. Tana budurwa ta bar jami'arta a Japan ta tafi Alƙahira koyon Larabci, ta kuma samu digiri daga Jami'ar Alƙahira a 1976. (An daɗe ana cacar baki a Japan kan wannan takardar, har jami'ar ta fito a 2020 ta tabbatar da ita.) Ta yi tafinta, ta shiga aikin talabijin, ta yi hira da Gaddafi da Yasser Arafat. A 1992 ta shiga majalisa. Ta ratsa jam'iyyu da dama kafin ta sauka a LDP, jam'iyyar da ke mulki a lokacin, a 2002, shi ya sa 'yan adawarta ke kiranta tsuntsuwa mai ƙaura. Shekara guda bayan haka Firaminista Koizumi ya ba ta ma'aikatar muhalli.

Matsalar da ta tarar ita ce wannan. Zafin Tokyo a watan Agusta mai laima ne, gumi ba ya bushewa a jiki. Duk da haka ma'aikaci sai ya zo da kwat da laktaye, don haka dole a ƙure na'urar sanyaya ɗaki, mata kuma su riƙa rufe ƙafafunsu da bargo a ofis. Ga shi yarjejeniyar Kyoto kan rage hayaƙin da ke ɗumama duniya ta fara aiki a Fabrairun 2005, Japan na neman inda za ta rage hayaƙi. Sai aka fito da Cool Biz: daga Yuni zuwa Satumba a bar sanyin ofis a maki 28 na ma'aunin Celsius, a ajiye kwat da laktaye.

A rubutuna na farko na ce dalilin nasarar shi ne shawarar tana da ma'ana. Malamin ya dawo mini da takardar da tambaya ɗaya a gefe: a 1979 fa, ba ta da ma'ana ne? Ban san da zancen ba. Ashe a wancan lokaci, da farashin mai ya tashi, gwamnatin Firaminista Ohira ta gwada kwat mai gajeren hannu don a rage shan wuta. Shi kansa Ohira ya saka. Mutane suka yi dariya, abin ya mutu murus.

Nan na koma na sake karatu, kuma nan ne na ga abin da Koike ta gane. Ƙaramin ma'aikaci ba sanyi yake ji ba da yake saka kwat. Tsoro yake ji. Ba zai shiga gaban maigidansa wuya a sake ba alhali shi maigidan yana ɗaure, kuma maigidan ba zai je wani kamfani a haka ba kada a ce ya raina su. Mamu ba ya riga liman ruku'u. Don haka ba ta tsaya a rarraba takardar umarni ba. Ministoci suka fito gaban kyamara ba laktaye, Koizumi ya saka rigar Okinawa mai suna kariyushi. A babban baje kolin Aichi aka shirya nunin tufafi inda manyan shugabannin kamfanoni, ciki har da Okuda Hiroshi na Toyota, suka taka dandali da kansu. Sunan ma daga shawarwarin jama'a aka zaɓo shi. Ba a ce wa kowa ya yi haƙuri ya sadaukar ba, an ce masa ne ga sabon yayi, kuma manyanka sun riga ka. Masu ɗinka laktaye sun yi ƙorafi, amma abin ya zauna, har aka faɗaɗa shi a 2011 bayan hatsarin tashar nukiliya ta Fukushima ya jawo ƙarancin wuta.

Aikin talabijin ne ya koya mata wannan, a ganina: ta san abin da ido ya gani ya fi abin da aka karanta a takarda. Sauran tarihinta ya bi wannan hanya. Mace ta farko da ta riƙe ma'aikatar tsaro a 2007, ko da yake ba ta cika wata biyu ba. Mace ta farko da ta nemi shugabancin LDP a 2008, ta sha kaye. A 2016 jam'iyyarta ta tsayar da wani, ita ta fito da ƙafarta ta ci gwamnan Tokyo, aka sake zaɓenta a 2020 da 2024.

Ba na cikin masu yi mata kirari ido rufe. Bakin da ya ɗaga ta shi ya taɓa kayar da ita. A 2017 ta kafa Jam'iyyar Fata (Party of Hope), kowa na ganin za ta girgiza gwamnatin Firaminista Abe, sai ta ce za ta ware duk wanda bai yarda da ra'ayinta kan tsaro ba. Kalma ɗaya ce, haijo, wato warewa, aka yi ta maimaita ta a talabijin. Waɗanda aka ware suka kafa tasu jam'iyyar, suka fi ta kujeru a zaɓen majalisa na shekarar.

Bayan na miƙa kundina na yi horon wata uku a wani kamfani, daidai lokacin zafi. An manna sanarwar Cool Biz a bakin ƙofa, kowa da rigarsa wuya a buɗe. Wata safiya shugaban sashenmu ya shigo da laktaye, saboda yana da baƙi da yamma. Bai ce wa kowa komai ba. Kafin azahar na ji ana ta jan aljihun tebur. Na waiga na ga na kusa da ni yana ɗaura nasa a ɓoye, ya kuma zaro wani ya miƙo mini ta ƙarƙashin tebur. Na karɓa na ɗaura.