Laraba: Akawal ya ƙi taka ƙafa

Ruwan daren jiya bai ɗauke ba sai gab da asuba. Da na dawo masallaci na leƙa barga kamar kullum, sai na tarar da dokina Akawal tsaye ya miƙa ƙafarsa ta gaba ta dama, bakin kofaton kawai ke taɓa ƙasa. Harawar da aka zuba masa da daddare ko rabi bai ci ba. Gabana ya faɗi.

Na kwance shi na ja shi zuwa zaure. Duk lokacin da ƙafar daman ta sauka sai ya ɗaga kai sama, in ta hagu ta sauka ya sunkuyar. Nan na aika yaro ya kira mini Baba, tsohon da ya yi wa mahaifinmu kiwon dawaki tun kafin a haife ni.

Baba bai ce komai ba sai da ya durƙusa ya dafa kofatan gaba ɗaya bayan ɗaya. Na dama da zafi. Ya sa yatsu a bayan gaɓar da ke saman kofaton, ya ce in taɓa in ji. Jijiyar na harbawa da ƙarfi.

"Ɗana, an ƙara masa hatsi kwanan nan?"

Na ce, "Baba, ba a ƙara ba, awonsa na kullum ne da dusa."

Na san abin da yake tsoro. Doki in ya ɗirki dawa ko gero fiye da ƙima, ciwon kan sauka a kofato, galibi na gaba duka biyu, ka gan shi ya ja jiki baya yana tsayuwa a kan dugadugai. Na taɓa ganin wani doki kili a unguwarmu da ya yi haka bayan Hawan Bariki, bai ƙara ɗaukar sirdi ba. Amma Akawal ƙafa ɗaya ce, wannan ya ɗan sanyaya mini rai.

Baba ya so a gasa ƙarfe a yi masa lalas a ƙwauri. Na ba shi haƙuri na ce a jira likitan dabbobi tukuna. Raina bai so musa masa ba, don abin da ya sani game da doki ban san rabinsa ba, amma ƙwaurin babu kumburi ko kaɗan.

Likita ya iso bayan azahar. Ya ɗaga ƙafar ya kankare laka, wari ya bugo mu. Tsokar nan mai laushi ta tsakiyar tafin kofato, mai siffar bakin mashi, ta fara ruɓewa a gefe, ta yi baƙi. Sai ya ɗauko wani ƙarfe kamar awartaki yana matsa tafin wuri-wuri. Da ya kai kusa da dunduniya ta ciki, Akawal ya fizge har ya kusa ture shi. Ya fere wurin a hankali da wuƙa, wani ɗigon baƙi ya bayyana daidai inda bangon kofato ya haɗu da tafi. Yana ƙara ferewa mugunya baƙa ta tsarto. Ƙurji ne. Ba a yi rabin awa ba dokin ya fara sauke ƙafar.

Yana wanke wurin da aidin yana yi mini bayani, ni kuma na kasa kunne don ban taɓa jin an warware mini haka ba. Ya ce doki a kan yatsa ɗaya tak yake tsaye a kowace ƙafa, kofato kuwa farcensa ne. Abin da muke kira gwiwar gaba daidai yake da wuyan hannun mutum, daga nan zuwa ƙasa babu tsoka, ƙashi ne da jijiyoyi da fata. A cikin kofaton akwai ƙashi da ke rataye jikin bango da wasu siraran ganyayyaki na nama, su ne ke kumbura in hatsi ya yi yawa, har ƙashin ya karkace. Kuma wurin a rufe yake ruf, mugunya ba ta da inda za ta, shi ya sa ɗan ƙurji kamar ƙwayar wake ke hana ingarma tafiya. Ƙafafun gaba su ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa, don haka yawancin ɗingishi can yake farawa.

Sai ya dubi turken ya ce, "Malam, ga tushen abin nan."

Gaskiya ya faɗa. Tun shigowar Agusta wurin ya zama kwatami, ruwa da fitsari da kashi a cakuɗe, dokin yana tsaye a ciki dare da rana. Kofato ya jiƙa ya yi laushi, tsakuwa ta sami hanya. Ni kuwa a garin nan namu Katsina, na Sarki Dikko da Nagogo, inda yaro ke tashi da sanin linzami da likkafa, hankalina na kan sheƙin gashi da sabon jalala na adon sirdi, na fi wata biyu ban ɗaga ƙafarsa na duba ba. Abin ya tsaya mini a rai yini guda.

An yi masa allurar tetanus, an naɗe kofaton da bandeji da buhu. Kullum zan tsoma ƙafar a ruwan ɗumi da gishiri, a canja naɗi. Yankan kofato kuma duk bayan sati 6 zuwa 8, tunda kofato kan yi kusan shekara kafin ya sabunta daga sama har ƙasa.

Da la'asar ni da yara muka cire turken muka kafa a tudun gindin darbejiya, muka zuba baro tara na yashi. Baba da kansa ya ɗaure igiyar, ya sassauta dabaibayin don kada ya ci masa fata. Bayan isha'i na koma da tocila. Yana tsaye a kan huɗun, ko da yake yana ɗan sassauta ta daman, kuma ya cinye harawar. Gobe da sassafe sai in nemo gishiri da bokitin da ƙafarsa za ta shiga.