Tudun ƙarya a 477

Ƙasa aka ɗebo mana daga tsofaffin ramukan kuza na Filato, aka ce in tantance sinadaran da ke fitar da hasken gama a cikinta. Na'urarmu mai kiristal ɗin sodiyam ayodayid ce, tana ƙirga hasken a gurbi 1024 gwargwadon ƙarfinsa, kuma abin da take zana maka tudu ne da kwari, kowane sinadari da inda tudunsa yake: fotasiyam-40 a 1461 keV (ma'aunin ƙarfin hasken ke nan), taliyam-208 a 2614 da 583, bismut-214 a 609. Manyan tuddan ko makaho ya shafa zai gane. Ƙananan kuwa sun nitse a hayaniyar ƙirge, allura cikin ruwa.

Na fara da find_peaks na SciPy, wani shirin kwamfuta mai lalubo tuddai a zane. In na sassauta ma'auni ya kwaso mini tarkace, in na tsaurara ya zubar da na gaske. Da na gaji sai na haɗa 'yar ƙaramar ragar jijiyoyi, wato shirin kwamfuta mai koyo daga misalai, a manhajar PyTorch, irin wadda ke bin zanen gurbi-gurbi tana ba kowane wuri maki. Da yake ba ni da zanen da aka riga aka yi wa alama, sai na ƙirƙiro na bogi dubbai, na dasa tuddai inda na ga dama, na barbaɗa hayaniya. A gwaji kamar ta haddace.

Ranar da na ɗora mata siziyam-137, wanda muke daidaita na'ura da shi, ta nuna tudunsa na 662 daidai, ta kuma nuna wani tudun wajen 477. Har da saurina na kai wa Malam.

"Ranka ya daɗe, anya tushen nan bai gurɓata ba?"

Ko kujera bai gyara ba. "Gefen Kwamfton ne, ɗana. Koma ka duba darasin aji uku."

Kunya kamar ƙasa ta tsage. Idan hasken 662 ya bugi ilektiron ya juya baya ya fice, iyakar abin da zai bari a cikin kiristal ɗin kusan 477 ne, shi ya sa zanen ke yin gaɓa a wurin. Ni kuwa na bogina shimfiɗarsu sumul take, ragar ba ta taɓa ganin gaɓa ba. Hayaniyar ma na yi ta bai ɗaya, alhali ta gaske tana bin yawan ƙirge: gurbi mai 100 yana rawa da kusan 10, mai 10,000 da kusan 100.

Sai kuma zafi. Da an ɗauke wuta na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, tuddan su fara gocewa daga gurabensu. Dole na sake ƙirƙirar zanen koyarwa da gaɓar, da hayaniyar nan mai bin yawan ƙirge (ta Fuwason), da gocewar, kafin ta natsu.

Tsakanin 583 da 609 dai har yau tana inda-inda. Tazararsu 26 ce kacal, faɗin kowane tudu a wannan na'urar kuma ya fi haka. Waɗannan samfuran na ware su a kwali, suna jiran layin na'urar jamaniyam, wadda ke iya raba tuddan da ke kusa da juna.