Kuɗin wa ne? Tambayar da lauya ta yi mini kafin in sayi gida a Ingila

A ƙauyenmu da ke ƙasar Gumel, cinikin gona ko kango ba ya wuce yammaci ɗaya. Mai sayarwa ya zo, mai saye ya zo, a kira mai unguwa da maƙwabtan iyaka, a zaga a nuna inda gamba ta tsaya da inda kuka ta raba, a ƙirga kuɗi a gaban shaidu, dillali ya karɓi la'adarsa, a shafa fatiha. In ana son a ƙara wa abin ƙarfi sai a je wurin dagaci ya sa hannu. Lauya kuwa ba a jin sunansa sai rigima ta gagari dattawa. Shi ya sa da na gaya wa Yaya ta waya cewa na ɗauki lauya saboda gidan da nake son saye a Sheffield, abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne, "Subhanallahi! Kai da wa?"

Ba ni da kowa. Tsarin ƙasar ne haka. Na zo Ingila aikin jinya a 2019, daga baya iyali suka biyo ni, muka yi ta zaman haya. Kuɗin haya na lashe babban kaso na albashi, kuma a dokar wancan lokaci mai gida na iya ba ka wa'adin wata biyu ka tashi ba tare da ka yi laifin komai ba. Mai yara a makaranta ba ya barci da ido biyu a irin wannan zama. Da muka ɗan tara abin da muka tara, sai muka fara neman namu.

Abu na farko da ya kamata ɗan'uwa ya sani shi ne a nan "na sallama" ba ta ɗaure kowa. Dokar 1989 ta ce cinikin fili ko gida ba ya tabbata sai a rubuce, da sa hannun ɓangarorin biyu. Mai gida zai iya amsa tayinka yau, bayan wata guda wani ya ɗora masa ƙari ya juya maka baya, ba ka da inda za ka kai shi. Ciniki yana ɗauruwa ne ranar da lauyoyin biyu suka yi musayar takardun yarjejeniya, ka ajiye kafin alƙalami, galibi kashi 10 cikin ɗari na kuɗin gidan. Daga ranar in ka fasa, wannan kuɗin ya tafi. Duk aikin lauya yana tsakanin amsa tayi da wannan rana, kuma yakan ci wata uku ko fiye.

Dillalan gidaje sukan nuna maka lauyan da suke hulɗa da shi, sau da yawa kuma suna da ɗan abin da ake ba su a kan duk wanda suka tura. Ba dole ba ne ka bi. Ni na tambayi waɗanda suka riga ni saye a masallacinmu, na duba sunan ofishin a rajistar hukumar da ke sa ido a kan lauyoyi, wadda kowa ke iya buɗewa a intanet, sannan na ce a rubuto mini duk abin da zan biya kafin a fara.

Da aiki ya kankama, sai lauyar ta nemo tarihin gidan daga ofishin rajistar filaye, wanda aka kafa tun 1862. Ta tambayi ƙaramar hukuma ko akwai shirin fasa titi ko ginin da aka yi ba izini. Ta tambayi kamfanin ruwa inda bututu da magudana suka bi. Har ta nemi rahoton tsofaffin ramukan haƙar kwal, domin wannan yanki na Yokshaya an daɗe ana haƙa a ƙarƙashinsa, ƙasa na iya zaftarewa da gida. A nan ne kuma na gane cewa ginin zai zama nawa amma ƙasar da yake kai ta wani ce, an bayar da ita haya ta shekara 800 tun zamanin Sarauniya Biktoriya, ana biyan 'yan fam kaɗan a shekara. Hankalin Yaya ya tashi da jin haka, sai na tuna masa cewa ko a gida, tun dokar filaye ta 1978, takardar mallaka da gwamna ke sa wa hannu yawanci ta shekara 99 ce. Lauyar ta ce inda ake jin tsoro shi ne in shekarun da suka rage sun gangaro kusa da 80, a nan ne banki ke fara ja da baya, tsawaitawa kuma ta yi tsada.

Ban karɓi bashi mai ruwa ba. Akwai bankunan Musulunci a ƙasar tun 2004, lokacin da aka kafa na farko, mai hedikwata a Birmingham. Tsarin da na bi musharaka ne: ni da banki muka haɗa kuɗi muka sayi gidan, ina biyan haya a kan kason banki, ina kuma sayen kason nasa kaɗan-kaɗan kowane wata. Ba kowane lauya ne ya saba da takardun wannan tsari ba, don haka a tambaya tun farko.

Duk wannan mai sauƙi ne. Inda gizo ke saƙar shi ne ranar da lauyar ta dubi lissafin kuɗin da zan ajiye ta ce, "Wannan na gane shi, albashinka ne, ga shi a takardun banki. Wannan da ka ce zai zo daga Najeriya fa, daga ina ya fito, kuma kuɗin wa ne?"

Raina ya sosu, domin na ji kamar ana tuhumata. Amma ba ni kaɗai ake yi wa ba. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2017 ta wajabta wa lauya ya bi diddigin duk kuɗin da zai ratsa ta hannunsa, in ya yi sakaci shi ma zai amsa. Ƙari a kan haka, a Fabrairun 2023 an saka Najeriya cikin jerin ƙasashen da ake ƙara sa wa ido a harkar kuɗi, don haka a lokacin da nake wannan ciniki tambayoyin sun ninka.

Na ba ta amsa ta gaskiya. Shanu ne. Tun rasuwar Baba garkenmu na hannun wani Bafulatani da ya gaji amanar daga mahaifinsa, ba a raba ba, gonaki ma ba a raba ba. Yaya ne ke riƙe da komai, yana noma gero da riɗi, yana ciyar da gida, wanda buƙata ta taso masa a sayar da ɗan maraƙi a ba shi. Da na kawo maganar gida, Yaya bai yi wata-wata ba ya ce a kai wasu bijimai Maigatari ranar Alhamis a turo mini.

Lauyar ta ce to dukiyar ba tawa ba ce ni kaɗai. Ta ce hanya biyu ce. In kyauta ce, duk mai haƙƙi a cikin shanun zai sa hannu a takarda cewa ya bayar har abada, ba zai nemi a biya shi ba, ba shi da ko taku ɗaya a cikin gidan. In kuma rance ne ko haɗin gwiwa, dole a gaya wa banki, bankin kuma yana iya ƙin amincewa.

Na kira Yaya da daddare. Ya ce, "Wannan ai ba abin damuwa ba ne. Rubuta kyauta ce, ni zan sa hannu a madadin kowa. Mu mun san abin da ke tsakaninmu. Gidanka ai gidanmu ne."

Na san da zuciya ɗaya ya faɗa. Amma da na mayar wa lauyar, sai ta ajiye alƙalami ta ce abu biyu ne ba za ta ɓoye mini ba. Na ɗaya, a rubuta kyauta alhali a zuci ana nufin rabo, yaudarar banki ce, laifi ne, kuma ba za ta sa hannunta a ciki ba. Na biyu, in na mutu gobe, alƙalin Ingila takarda zai karanta, ba zai san abin da ke tsakaninmu ba. Ƙannena mata biyu da ke gidajen aurensu, waɗanda ba a ko tambaye su ba, za su wayi gari haƙƙinsu ya zama bulo a wata ƙasa da ba za su taɓa takawa ba.

Wannan magana ta biyu ita ta hana ni barci. A garuruwanmu mun san yadda gadon da ba a raba ba yake ƙarewa: mazan da ke kusa suna ci, matan suna kawaici, a kira shi zumunci. Babu wanda ya yi niyyar zalunci a gidanmu, amma da an bi yadda muka tsara da an yi shi.

Na ce wa Yaya a raba gado. Ya yi shiru har na zaci layin ya katse, sannan ya ce, "Yanzu Turawa ne za su raba mana gida?" Kwanaki ba ya ɗaukar wayata. Baffa ne ya shiga tsakani, ya tafi da shi wurin liman, liman ya ce masa ba Turawa suka kawo wannan ba, Allah da kansa ya yanka wa kowa rabonsa a Suratun Nisa'i, jinkirin ma shi ne abin tsoro. Aka je kotun shari'a, aka ƙiyasta shanu da gonaki da gidan gado, aka fitar wa Inna tumuninta, aka ba namiji rabon mata biyu, alƙali ya bayar da takarda. Ƙanwata ta farko ta bar nata a garke da sunanta. Ta biyun ta sayar ta sayi injin niƙa, yau shi ke riƙe da ita da 'ya'yanta. Yaya ya sauko daga baya, ko da yake na san har yanzu abin yana ɗan taɓa shi, kuma ban ga laifinsa ba, shekaru ya yi yana ɗauke da gidan nan shi kaɗai.

Shanun da suka faɗo a rabona aka kai Maigatari. Na roƙi Yaya kada ya karɓi tsaba, mai saye ya tura ta banki, a karɓi rasit na kasuwa, a ɗauki hoton komai. Aka fassara takardar kotu zuwa Turanci aka buga hatimi. Kuɗin ma ta banki suka taso daga asusuna na gida zuwa na nan. Da yawa daga cikinmu sun saba a ba ɗan canji naira a Wapa, wani ya miƙo fam a nan hannu da hannu. Irin wannan kuɗi ba su da sawu, lauya ba zai karɓe su ba ko da halal ne tsantsa. A 2024 fam ɗaya ya kai wajen naira dubu biyu, don haka abin da ya cika ido a kasuwar shanu ya zo nan ya ƙanƙance, amma ya cike gurbin da ya rage.

Inna ta ce sai ta sa nata. Daga tumuninta ta ware saniya guda ta ce kyauta ce, kuma tata kyautar ta gaske ce. Aka kai ta Dutse da katinta na ɗan ƙasa, wani lauya ya karanta mata takardar da Hausa, ta dangwala yatsa.

Gidan gado ma ya shigo lissafin harajin sayen gida. Rangwamen da ake yi wa mai sayen gidan farko ba ya hawa kan wanda ya taɓa mallakar gida a ko'ina a duniya, ko da gadonsa ya yi. Akwai kuma ƙarin haraji ga mai gida na biyu, in wancan ya kai fam 40,000. Rabona a gidanmu na ƙasa bai kama ƙafar wannan adadi ba, gidan da na saya kuma bai kai fam 250,000 da harajin ke farawa a kai a lokacin ba. Tun Afrilun 2025 an mayar da wannan iyaka fam 125,000, saboda haka mai saye yanzu ya faɗa wa lauyansa duk abin da ya gada.

Ana gab da musayar takardu lauyar ta sake yi mana wata tambaya, ni da maiɗakina: yaya za mu riƙe kasonmu? Akwai riƙon da in ɗaya ya rasu komai ke komawa ga ɗayan kai tsaye, ko wasiyya ba ta isa ta canza ba. Akwai kuma wanda kowa ke da sanannen kasonsa, ya bar wa magadansa. Ta ƙara da cewa gida yana bin dokar ƙasar da yake cikinta. In na mutu ban bar wasiyya ba, matata za ta ɗauki fam 322,000 na farko da rabin abin da ya saura, 'ya'ya su raba ɗaya rabin. Uwa ba ta da komai. Inna, wadda shari'a ta ba sudusi, wadda saniyarta ke cikin harsashin gidan, ba za ta sami ko sisi ba.

Muka zaɓi riƙo na biyu. Muka sa aka rubuta mana wasiyya, ni tawa ita tata, a kan rabon Musulunci, shaidu biyu da ba su da gado a ciki suka sa hannu kamar yadda dokar ƙasar ta tanada. Ranar biyan kuɗi na buga wa ofishin lauyar waya a lambar da na sani na tabbatar da asusun kafin in tura, domin 'yan damfara na aika saƙon imel da sunan lauya su canza lambar asusu. Da azahar dillali ya kira ya ce in zo in karɓi makulli.

Asalin wasiyyar na ofishin lauyar. Kwafi ɗaya na aika gida aka fassara, Yaya ya kai wa liman ya duba rabon ya ce daidai ne, sannan ya karanta wa Inna da ƙannena a tsakar gida, kowa ya ji da kunnensa.