Kwancin talotalo daga ƙwaƙwalwa yake farawa

A sana'armu ta samar da ƙwan talotalo don ƙyanƙyasa, babu abin da ke cin riba kamar kwanci. Macen da ta kwanta ta daina saka ƙwai ke nan, ta rage cin abinci, ta rame. Masu kiwo da yawa suna ɗauka taurin kai ne, alhali aikin wani ɗan ƙulli ne da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wanda likitocin dabbobi ke kira fituwitari.

Shi wannan ƙulli umarni yake karɓa daga ƙwaƙwalwa, ita kuma ƙwaƙwalwar tsawon haske take aunawa. Idan wuni ya yi tsawo, sai ta aika masa da sinadarin GnRH, shi kuma ya saki sinadaran LH da FSH, waɗanda ke sa ƙwai ya fara girma a cikin mace. Shi ya sa manyan gonaki ke tsare 'yan matan talotalo a haske na awa 6 zuwa 8 tun suna kusan mako 18, sai sun kai mako 29 ko 30 a ɗaga zuwa awa 14. Cikin mako 2 zuwa 3 ƙwai ya fara sauka. A Kano wuni ba ya kai awa 13 ko da a lokacin da ya fi tsawo, don haka sai an cike da fitila. Da zarar an ƙara hasken kuma, kada a rage shi. Fitilar da ke mutuwa duk lokacin da aka ɗauke wuta tana rikita garke, gara a haɗa da sola.

Sai dai wannan hasken shi ne kuma yake tayar da prolaktin, sinadarin kwanci. Binciken Mohamed El Halawani a Jami'ar Minnesota ta Amurka ya nuna cewa sinadarin VIP daga ƙwaƙwalwa ne ke sa fituwitari ya sake shi. Ƙirjin mace na taɓa ƙwai a sheƙa, prolaktin na ƙaruwa, LH na sauka, har mahaifar ƙwan ta motse.

Alamomin sukan fara makonni kaɗan da soma ƙwai: ta daɗe a sheƙa, ta kwana a ciki, ta tayar da gashi tana huci in an kusance ta. Taɓa ƙasusuwan gindinta. In sun fara matsewa, an kusa makara.

A riƙa kwashe ƙwai kowace awa, ana tayar da duk wadda ta zauna, a rufe sheƙa da daddare. Wadda aka kama tana kwanci a kai ta wani keji mai haske sosai, ba sheƙa, ba lungu mai duhu, ƙasansa daban da wanda ta saba, da ruwa da abinci wadatacce, na kwana 3 zuwa 4. Tsoma ta a ruwa ko ɗaure mata ƙafa wahalar da baiwar Allah ce kawai. Rabuwa da sheƙa ce ke sauke prolaktin. Wadda aka bari ta zauna a kan ƙwai kuwa, kwana 28 za ta yi kafin ta ƙyanƙyashe, ga kuma rainon 'ya'ya kafin ta dawo saka ƙwai.