Hotunan Daren Lalle

Ranar Talata da hantsi Hajiya, mahaifiyar amarya, ta kira ni, kwana uku da kai amarya. Ko gaisuwa ba ta bari na ƙarasa ba. "Ɗiyata, wa kib ba hotunan cikin ɗaki?" Na ce ban ba kowa ba Hajiya, babban abokin ango kaɗai na tura wa jiya da dare. Sai ta yi shiru. Kafin ta sake magana, ni da kaina na ji abin da bakina ya faɗa, gabana ya yanke ya faɗi.

Shekara uku ke nan ina ɗaukar hoto. Koyarwa nake yi a wata firamare a Birnin Kebbi, hoton na ƙarshen mako ne da lokacin hutu. Kyamarata Nikon D3500 ce, ta hannu na saya. Ba don na fi masu situdiyo iyawa ake kirana biki ba, ban fi su ba. Ana kirana ne don ni mace ce, ina shiga inda namiji mai kyamara ba ya shiga: ƙuryar ɗakin amarya, wurin sa lalle, tsakar gida bayan an rufe ƙofa mata sun ajiye mayafi. Wannan bikin na Jega ma abin da ya kai ni ke nan. Amaryar ƙanwar ƙawata ce, kuma tun ranar da na je muka yi magana mahaifiyarsu ta gaya mini a gaban mutane: na ɗaurin aure da na walima a ba maza, na cikin gida nasu ne. Na ce to. Ban rubuta ba, don ban ɗauka magana ce da ake mantawa ba.

Ɗaukar kanta ba ta ba ni wahala ba. Alhamis lalle, Juma'a kamu, Asabar ɗaurin aure, inda ƙanena ya karɓi kyamarar ya shiga cikin maza, da dare aka kai amarya. Na dawo da hoto wajen 1,400 a memori ɗaya, na mata da na maza duk a cakuɗe, bi da bi yadda aka ɗauke su.

Sai na ɗan koma baya, don a gane abin da ya sa na tura su ta hanyar da na tura. A wani biki na bara, ta WhatsApp na aika wa mutane hotunansu, a matsayin hoto kamar yadda kowa ke yi. Ango ya kai ɗaya a wanke masa babba ya sa a firam, aka miƙo masa fuskar matarsa dishi-dishi kamar an shafa mata ƙura. Ya yi ta faɗa wai kyamarata ba ta da kyau. Kyamarar tana fitar da hoto mai fiksel 6000 a tsawo, 4000 a faɗi. WhatsApp ne ke matse shi ya dawo da tsawon wajen 1600 in ba a zaɓi HD ba. A fuskar waya ba a ganewa, amma hoton inci 8 da 12 yana son fiksel 2400 da 3600 kafin ya fito tas. Daga ranar na daina. In kaɗan ne, ina turawa a matsayin takarda, wato yadda ake tura fayil, don nan ba ya taɓa ingancin. In da yawa ne sai Google Drive, wurin ajiyar fayil a intanet mai ba da gigabait 15 kyauta. Na ji daɗin wannan dabara ƙwarai, har ina koya wa wasu. Duk hankalina ya tafi ga kada hoto ya lalace a hanya. Wanda zai karɓe shi a ƙarshen hanyar kuwa ban tsaya tunaninsa ba.

Lahadi da Litinin na zauna a kan gyara. Na zubar da masu rufaffen ido, da masu motsi, da waɗanda aka kama mutum da loma a baki, na rage 380. A Lightroom, manhajar gyaran hoto, nake aiki, kuma abin da ya fi cin lokaci shi ne kalar anko. Leshin ruwan ƙasa ne mai ratsin zinare, fitilun gidan kuma wasu fari wasu ja-ja, sai ka ga ƙawaye biyu cikin yadi ɗaya amma a hoto kamar kala biyu suka saya. Mata ba sa yafe wannan. Akwai kuma masu cewa a haska su, wanda ni ba na yi sai dai in gyara hasken wurin, don ɗan da za a haifa ya kamata ya gane uwarsa a albam. Na fitar da su JPEG, da tsarin launi na sRGB, saboda shi wayoyi da yawancin wuraren wanki suke karantawa daidai. Aka ɗauke wuta sau biyu, batirin kwamfutar ba ya riƙe caji, na ƙarasa a gidan maƙwabta da ke da sola.

Duk wannan lokacin wayata ba ta huta ba. Babban abokin ango ne. "Malama, ina hotunanmu? Kowa ya sa nasa mu ba mu sa ba." Safe, rana, dare. Ranar Litinin bayan isha'i ya kira har sau huɗu. Na gaji, idona na zafi, ga makaranta da safe. Na ɗora foldar gaba ɗaya a Drive, na jira datar ta ja jiki ta gama, na mayar da ita yadda duk mai mahaɗin, wato link ɗin, zai iya buɗewa don kada ya sake kirana ya ce ta ƙi buɗuwa, na tura masa, na kwanta. Har da hamdala na yi.

Folda ɗaya. Kuma da yake sunayen fayilolin lambobin kyamara ne, a jere suke daga na farko zuwa na ƙarshe. Ranar farko kuwa ita ce ta lalle. Ke nan duk wanda ya taɓa mahaɗin, abin da zai fara cin karo da shi ba liman da waliyyai ba ne, amarya ce da ɗaurin ƙirji ana zana mata ƙafa, da ƙawayenta kai babu ɗankwali, da gwaggonta, matar aure mai 'ya'ya manya, ta ɗaure gyale a ƙugu tana rawa tana dariya. Na tuna lokacin da na ɗauki wannan hoton. Ta juyo ta gan ni, ta ƙara gyara tsayuwa, don ta san ni ce.

Abokin angon bai ma duba ba, in ji shi, kuma na yarda. Ya ga mahaɗi ya iso, ya cilla shi zauren WhatsApp na abokan ango. Daga nan wani ya sauke waɗanda suka burge shi ya sa a sitatus. Da asuba mijin gwaggon ya ga matarsa a wayar wani yaron shagonsa.

Ina ajiye wayar Hajiya na rufe mahaɗin, hannuna na rawa. A nan na koyi abin da ya kamata in sani tun farko: rufe mahaɗi yana hana na baya shiga ne kawai. Wanda ya riga ya sauke, ya sauke. Drive na kyauta bai nuna mini ko mutum nawa suka buɗe ba, balle su wane ne. Na kira abokin angon, shi ma ya rikice, ya goge saƙon a zauren, ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana roƙo su goge. Wanda ya sa a sitatus ya cire. Amma mutum nawa ne a zauren, wa ya tura wa budurwarsa, wa ya ɗauki hoton fuskar wayarsa ya ajiye, wannan sai Allah.

Na nemi izini a makaranta na hau mota zuwa Jega. Ban taɓa jin hanyar ta yi mini tsawo haka ba. Na durƙusa a gaban Hajiya na ce laifina ne, ba na kowa ba. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Mu don mun ga ke tamu ce munka buɗe miki ƙofa. Da namiji anka kawo, da kowa ta rufe jikinta." Gwaggon ba ta fito ba. An ce mini maigidanta ya yi fushi sosai, sai da manya suka sa baki. Na mayar da kuɗin aikin, Hajiya ta ƙi karɓa, ta ce ba kuɗi ne ya ɓace ba.

Na daɗe ina jin haushin abokin angon, da matsin da ya yi mini. Har yanzu in na tuna kiran nan huɗu raina yana ɓaci. Amma shi na ɗaurin aure ya tambaya. Ni ce na ji sharaɗin Hajiya da kunnena, ni ce na haɗa komai wuri ɗaya don in huta. Minti goma ya isa in raba foldar biyu.

Yanzu kafin in taɓa gyaran launi, rabawa nake fara yi. Ina kwafe memorin wuri biyu, kwamfuta da wani faifan ajiya na daban, kuma ba na goge memorin sai aiki ya isa hannun masu shi. Daga nan sai folda uku: ta maza, ta taron da kowa ya halarta, da ta cikin gida. Ina sauya wa fayiloli suna, kowanne ya ɗauki sunan ranarsa, lalle ko kamu ko walima, ta yadda ko ina gyangyaɗi zan ga abin da nake shirin turawa. In biki yana da ɓangaren maza, memori daban nake sa wa ƙanena. Ko shi ba ya ganin na ɗaki, abin da a da ban ma lura ba: a bikin Jega kyamarar ta yini a hannunsa da hotunan Alhamis a ciki.

Foldar cikin gida ba ta hawa intanet. Ko an roƙe ni, ko amarya tana Abuja. Akwai wurin da ake hana masu kallo saukewa a Drive, na sani, amma ba ya hana mutum ɗaukar hoton fuskar wayarsa. Ƙafa da ƙafa nake kaiwa. In zauna da amarya da mahaifiyarta ko yayarta, su duba ɗaya bayan ɗaya, wanda ba su so a goge a gabansu, sauran in tura wa amarya waya zuwa waya da Xender, babu data babu matsewa, ko in ba su a filashi. Filashin ma sai na cika shi na buɗe hotunan daga cikinsa na gani, don akwai na jabu a kasuwa da ke nuna gigabait 32 alhali cikinsu bai kai ba, sai an je gida a tarar rabin hotunan sun ƙi buɗuwa. Kowace folda kashi biyu nake yi: manya na wanki da cikakken girmansu, da ƙanana masu fiksel 2048 a tsawo na sawa a waya. Masu cewa in ba su duka, har da RAW, ina yi musu bayani cewa ɗanyen fayil ne, kowanne ya haura megabait 20, kuma bai zama hoto ba tukuna.

Tambayar da nake yi tun ranar ciniki ita ce: wa zan miƙa wa? Sunan mutum ɗaya a ɓangaren ango, ɗaya a ɓangaren amarya, kuma a rubuce a saƙo. Duk wanda ya kira bayan su, ko wane ne, ina ce masa ya nemi wance. Wasu suna jin haushi, suna cewa ina da tsauri. Ranar da zan kawo ma ina faɗa tun farko, mako biyu, don matsin kwana biyu ne ya sa na yi aiki da idon barci.

Akwai wata ƙofar da ban gani ba sai bayan abin ya faru, wato wurin wanki. Albam ɗin amarya dole ya ƙunshi wasu na cikin gida, kuma wanda ke zaune gaban kwamfutar a can namiji ne, ga samari suna kai da kawo suna leƙe. Sukan kwafe fayilolin a kwamfutarsu kafin su wanke, su zauna nan wata da watanni. Yanzu amarya ce ke zaɓar waɗanda ta yarda a wanke da sanin haka, ni kuma ina tsayawa a kansu har a gama, a goge a gabana, har da kwandon sharar kwamfutar. Haka in tawa kwamfutar za ta je wurin mai gyara, sai na kwashe komai. Na cikin gida kuwa wata uku nake riƙe su, in kira amarya in tabbatar nata suna nan lafiya, sannan in goge nawa.

Bayan Babbar Sallah ƙawar tawa ta haihu, na je suna Jega ba tare da kyamara ba. Hajiya ta karɓe ni da fara'a, ta sa aka kawo mini fura. Gwaggon tana zaune a gefe cikin mata. Na je na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa, ta tambayi mutanen Birni, sannan ta kai hannu ta jawo mayafinta ta rufe kanta sosai, ko da yake babu namiji ko ɗaya a tsakar gidan.