Espresso a gida: sirrin yana wajen niƙa

Mutane kan shigo shagona a Agege ɗauke da injin espresso, wato gahawa mai kauri da ake tatsa da matsin ruwan zafi, sabo fil, an kawo musu tsaraba daga Dubai ko Ingila, suna ƙorafin cewa gahawar da yake fitarwa ko tsami ko ɗaci. Ban cika buɗe injin ba. Tambayar da nake yi ita ce, yaushe aka niƙa garin? Yawanci a babban kanti aka saye shi, ya yi wata da watanni a kan kanta. Irin wannan gari ƙamshinsa ya riga ya gudu, ko injin miliyan nawa ne ba zai dawo da shi ba.

Inji yana tura ruwa mai zafin kusan digiri 93 da ƙarfin matsi bar 9 ta cikin gari giram 18, a samu giram 36 a kofi cikin daƙiƙa 25 zuwa 30. Wannan lissafi kowa zai iya haddacewa. Hannu ne ke da wuyar samu. In ruwan ya zubo shaa, niƙan bai yi laushi ba, tsami za ka sha. In yana ɗiga da ƙyar, laushin ya yi yawa, ɗaci ke nan. Ga kuma danshin Legas: saitin da ya yi daidai lokacin hunturu, da damina ta sauka sai ya toshe. Shi ya sa kullum da safe nake zubar da kofin farko, in gyara injin niƙa, sannan in ba wani.

Mahaifina mai shayi ne a bakin tasha, a wajensa na san cewa harshe ke yanke hukunci. Espresso kuwa a kicin ɗin wani otal a Victoria Island na koya, hannun wani tsoho ɗan Italiya da ba ya yabo. Zai sa ni in daddale garin, ya duba ta gefe, in ya ga ya karkata ko kaɗan ya juye shi a shara. Shi ya ba ni labarin Achille Gaggia na Milan, wanda injinsa mai mariƙi ya fara fitar da kumfar nan mai ruwan zuma a saman kofi.

Ƙwayar gahawar da nake soyawa nau'in arabica ce daga tsaunin Mambila, wajen Gembu, sai kuma ta Habasha. Da hannu muke tsince ta kamar ana tsintar shinkafar biki. Wani dillali ya taɓa cusa min robusta, wani nau'in ƙwaya mai araha da ɗaci, a ƙasan buhu, daga ranar muka raba gari. Yanzu kuma ga masu kwaikwayon ledarmu, suna ƙona ƙwaya ta yi baƙi ƙirin don a ɓoye ruɓaɓɓiya, su sayar rabin kuɗi. Sai mai saye ya zo yana cewa, "Haba Malam, a rage mana, can ya fi araha." Nakan ce, ranka ya daɗe, duba ledar tasu ko akwai ranar suya a jiki.

Wanda wuta ba ta zama a unguwarsu, nakan ba shi shawarar tukunyar Bialetti da ake ɗorawa a kan gas. Ba ta kai ƙarfin inji ba, amma da ƙwaya sabuwa tana fidda kunya. Masu inji kuma ku daina zuba ruwan rijiyar burtsatse kai tsaye, yana tara dutse a bututu. Ranar Asabar muke wanke irin waɗannan injuna a shago, mu kuma saita wa mutum injin niƙansa a gabansa.